EFCC, FCCPC ko 'yan kare haƙƙi: ina ya dace ki kai ƙarar damfarar nan?

Salam 'yar'uwa, na ga tambayarki, kin ce kin tura wa wata mai sayar da atamfa da leshi a Instagram naira dubu 180, kaya shiru, da kika matsa sai ta yi bulokin ɗinki, yanzu kina so ki san ko EFCC za ki je, ko FCCPC mai kare masu saye, ko kuwa ƙungiyoyin kare haƙƙin nan ne za su fi miki amfani. Allah ya mayar miki da alherinsa. Na ga wasu sun ce ki bar wa Allah kawai, ni dai ban goyi bayan haka ba, domin barin da muke yi ne ya sa gobe za ta canza suna ta buɗe wani shafin ta cuci wata.

Kafin duk waɗannan ukun, bankinki za ki fara zuwa, yau ba gobe ba. Kuɗin nan ta akawun suka bi, kuma bankinki ne zai iya tuntuɓar bankin da kuɗin suka faɗa a ce a riƙe akawun ɗin kafin a kwashe. 'Yan damfara ba sa barin kuɗi su kwana, ana yin alat suke rarraba su ko su cire a wajen mai POS, shi ya sa jinkirin yini ɗaya ma asara ne. Ki rubuta koke a takarda, ki haɗa da rasit ɗin taransifa da hotunan hirarku, ki ce su ba ki lambar koken. Galibi za su nemi rahoton 'yan sanda, kuma kafin a ciro kuɗi daga akawun ɗin wani a dawo miki da su yawanci sai da odar kotu, kada wannan ya kashe miki gwiwa, haka tsarin yake. Idan mako 2 suka wuce banki bai yi komai a kan kokenki ba, a nan ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ke shigowa, yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna. Amma ki gane, CBN banki yake tuhuma, ba ya kama ɓarawo.

To yanzu EFCC da FCCPC, waɗanda mutane ke ta haɗawa alhali aikinsu ya sha bamban. EFCC hukumar laifi ce, ta fara aiki a 2003 Nuhu Ribadu na shugabanta na farko, kuma damfara irin ta 419 na cikin abin da doka ta ba ta ikon bincike. Tana kamawa, tana bin diddigin akawun, tana gurfanarwa a kotu, tana da ofisoshi a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri, kuma kai mata takardar koke kyauta ne. FCCPC kuwa hukumar ciniki ce, dokar 2018 ce ta kafa ta, ta gaji tsohuwar hukumar kare masu saye, CPC, da dokar 1992 ta kafa, aikinta shi ne tsakanin mai saye da mai sayarwa: an ba ki kaya na bogi, ko ba irin wanda aka tallata ba, ko ya lalace kamfani ya ƙi canzawa ya ƙi mayar da kuɗi. Tana da haƙora sosai, ita ce ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a 2024, ita ce kuma a 2022 ta kai samame ofisoshin manhajojin bashin nan a Legas, masu tura wa 'yan'uwan mutum da abokansa saƙon cin mutunci idan ya makara biya. Sai dai ƙarfinta yana kan wanda ke da suna da adireshi, wanda za a aika wa sammaci ya zo ya amsa.

Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki ita ce, matar nan 'yar kasuwa ce ta gaske da ta saɓa alkawari, ko kuwa tun farko babu shago babu atamfa, hotunan wasu kawai aka sato? Idan tana da shago a Kwari ko Sabon Gari kuma an san ta, to wannan rigimar ciniki ce, FCCPC ko hukumar kare masu saye ta jiha, irin wadda Kano ke da ita, za su fi miki sauri, kai ko shugabannin kasuwar ma suna iya sa ta fito da kuɗin cikin kwana kaɗan saboda ba wanda ke son sunansa ya ɓaci a layinsu. Irin wannan idan kika kai EFCC za su iya ce miki su ba masu karɓo bashi ba ne, sun sha faɗar haka a fili. Idan kuwa shafin bogi ne, kuma yadda kika bayyana ya fi kama da haka tunda bulokin aka yi miki, to FCCPC ba ta da wanda za ta kira, aikin ya koma na 'yan sanda da EFCC. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce koke ya yi musu yawa, mutum ɗaya da dubu 180 zai iya daɗewa a layi. Amma idan kika nemo sauran waɗanda ta cuta, kuma na tabbata ba ke kaɗai ba ce, kuka rubuta koke ɗaya da lambar akawun ɗaya da rasit ɗin kowa, maganar ta yi nauyi.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu fa? Nan nake so ki natsu, domin a nan ake ƙara cutar mutane. Bambancin shi ne hukuma na da sanda, ƙungiya murya ce da ita. Ba ta da ikon kama kowa, ba ta iya rufe akawun, ba ta iya cin tara. Abin da take iyawa shi ne ta rubuta miki koke yadda zai shiga, ta haɗa ki da lauya, ta raka ki ofis, ta yi ta bibiya har a gaji a saurare ki, ko ta fallasa maganar. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ba ta san kowa ba. FIJ, gidauniyar binciken jarida da Fisayo Soyombo ya kafa, ta yi suna wajen wallafa koken waɗanda bankuna da kamfanoni suka riƙe wa kuɗi. Shirin Brekete Family na Ahmed Isah a Abuja shi ma jama'a na kai masa kuka. NATCOMS ta masu amfani da layukan waya ce, ita ce ta yi ta faɗa da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a farkon 2025. Amma ki lura, duk waɗannan sun fi tasiri a kan mai jin kunya, wato banki ko kamfani mai tsoron ɓacin suna. Ɗan damfarar da ke ɓoye a bayan sunan bogi ba ruwansa da rediyo.

Abin da ke min ciwo shi ne masu fakewa da sunan kare haƙƙi, da riga mai tambari da katin shaida, su ce ki ba da kuɗin fom, kuɗin mota, sannan kaso kaza na abin da aka karɓo. Da kuma waɗanda za su biyo ki ta inbos yanzu da kika yi wannan tambayar, su ce su hakas ne, wato masu kutse a intanet, ko suna da mutum a EFCC, za su dawo miki da kuɗinki cikin awa 24 idan kin tura wani abu. Ƙarya ne wallahi, damfara ce ta biyu. Ƙungiyar gaske tana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da ofis da za ki iya shiga, ba ta miki alkawarin sakamako, kuma babu wanda ke da dalilin tambayarki PIN ko OTP ko BVN ta waya, ko da ya ce daga banki yake.

Ga sauran 'yan'uwa masu irin nasu matsalar, a taƙaice: idan kati ko data ake zaftare muku, ku fara da kamfanin layin, in ya ƙi ku kira hukumar sadarwa NCC a 622, kyauta ne, saƙonnin talla kuma a tura STOP zuwa 2442. Magani ko abinci na jabu NAFDAC. Masu cewa kawo dubu 100 ka karɓi dubu 200 ƙarshen wata, a duba ko SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, ta yi musu rajista kafin a saka ko sisi, mun ga yadda irinsu suka rushe da kuɗin mutane, MMM a Disambar 2016, CBEX a Afrilun 2025, kuma ko da yake dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu irin wannan harkar, ɗaure su ba shi ne dawo da kuɗin mutane ba.

Ke dai a naki, ni a ganina banki yau, ofishin 'yan sanda gobe ki karɓi rahoto, sannan koken haɗin gwiwa zuwa EFCC, ƙungiya ko lauya su zama masu raka ki, kada ki jingina da su kaɗai. Kada ki goge hirarku ko ɗaya, ki ɗauki hoton shafin nata tun kafin ta canza suna, ki rubuta sunan da ya fito a akawun ɗin da sunan bankin daidai yadda suke a rasit. Duk wadda ita ma ta taɓa tura kuɗi wannan akawun ta yi magana a haɗa ta a cikin koken.