Akwatin da ke magana a baron mai kayan miya

A bakin layinmu da ke Greater Noida, kusa da Delhi a ƙasar Indiya, akwai wata dattijuwa mai sayar da kayan miya a baro: tumatir, albasa, kuɓewa, ɗanyen barkono. Ba ta iya karatu ba, ita da bakinta ta gaya wa maƙwabcina da ke yi mini tafinta. Amma a gefen sikelinta akwai wani ɗan akwati, bai kai rediyon hannu girma ba, an manna masa hoton nan mai ɗige-ɗige da ake haskawa da waya. Mai saye zai haska, ya tura kuɗi, kafin ya mayar da wayar aljihu akwatin ya ɗaga murya da Indiyanci cewa rufi ashirin sun shigo. Ko kai ba ta ɗagawa, awonta take ci gaba da yi. Babu "nuna mini alat", babu "tsaya in kira yarona ya duba", balle fargabar alat na bogi da ta hana 'yan kasuwarmu barci.

A gaban baron nan na sha kunyar da har yau ban manta ba. Ina sabon zuwa, na yi sayayyar rufi talatin na miƙa mata takardar ɗari biyar. Ta girgiza kai, babu canji, ta nuna mini akwatin. Ni kuwa ba ni da asusun banki a ƙasar. Mutane suka taru a bayana suna jira, ina tsaye da kuɗina a hannu amma ba su da amfani, sai wani yaro ɗan makaranta ya haska wayarsa ya biya mini. A nan na gane abin da mahaifiyata ke ji idan ta miƙa wa yaron POS katinta, ta faɗa masa lambar sirri a gaban jama'a, saboda duk abin da injin ke rubutawa da Turanci ne.

Kada ku ɗauka nan komai zam-zam yake. Baƙo yana shan wuya. Kafin a ba ka layin waya sai fasfo, sai biza, sai shaidar masauki, kuma ranar da bizarka ta ƙare layin ma ya mutu. Ba ka da layin, ba abin da za ka iya: tikitin jirgin ƙasa, odar abinci, hatta ganin likita a wasu wurare, duk sai an turo lamba ta waya. Wani banki ya yi ta yi mini jeka-ka-dawo har na kusa haƙura. Ga kiran 'yan talla da 'yan damfara ba dare ba rana. Kuma ƙasar da ke tinƙaho da intanet ita ce ta datse wa mutanen Kashmir shi a watan Agustan 2019, ba su sake ganin mai sauri ba sai Fabrairun 2021. Duk wanda ke da dangi a Zamfara lokacin da aka kashe sabis a Satumban 2021 ya san raɗaɗin wannan.

Duk da haka akwatin dattijuwar nan ya tsaya mini a rai. Tsarin biyan kuɗin, UPI, a 2016 aka fara shi, shekarar da kamfanin Jio ya shigo ya karya farashin data. Yau da kusan rufi 300 kana da giga ɗaya da rabi kullum har kwana 28, kira kuma kyauta. Kafin nan, a 2014, gwamnati ta fito da shirin Jan Dhan na buɗe wa talaka asusu ko ba shi da ko sisi, asusun da aka buɗe sun haura miliyan 500. Tun 2020 ba a cirar wa mai kanti komai idan an biya shi daga asusu ta UPI. A 2022 aka ƙara hanyar da mai ƙaramar waya mai madannai zai tura kuɗi ba tare da data ba. Wato an zauna an yi tunanin wadda ba ta yi boko ba, ba ta da babbar waya, cinikinta bai wuce na rufi ashirin ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mun riga su. Tun 2011 ake tiransifa nan take tsakanin bankuna a Najeriya. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Mun gina abin ne don mai Turanci, muka bar sauran wa mai POS ya yanki nasa, gwamnati ta yanki naira 50 ɗinta, sannan a ce "netwok ne", kowa ya ce Allah ya kyauta ya koma gida. Mu ma da laifinmu. Magidanci zai sayi waya ta dubu ɗari biyu, ya hana matarsa ko ta madannai, alhali ita ke sana'ar ƙuli-ƙuli da ke riƙe rabin gidan. Saurayi zai ƙarar da datarsa a zagin malamin da ba na ɓangarensa ba, amma bai taɓa zama ya koya wa mahaifinsa duba kuɗin asusunsa ba.

Su kuma manya, taro kam an sha. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara shugabanni a Geneva a 2003, aka sake haɗuwa a Tunis a 2005, duk a kan yadda za a cike giɓin da ke tsakanin masu intanet da marasa shi. Abdoulaye Wade na Senegal ya kawo shawarar asusun taimakon juna, aka kafa, bai yi nisa ba ya mace. Indiya ma ta ƙaddamar da shirin haɗa asibitoci da jami'o'in Afirka da nata a 2009. Haɗin kan da na ga yana da ma'ana shi ne na yanzu, inda ake ba ƙasa tsarin kansa ta gina nata. Singafo ta haɗa nata da UPI a 2023, Namibiya ta sa hannu a 2024 a taya ta gina irinsa, Maroko da Habasha kuma da manhajar MOSIP, wadda aka ƙera a Bangalore, suke rajistar jama'arsu. Mu ma muna da asusun USPF tun dokar sadarwa ta 2003, don kai sabis inda kamfanoni ba sa ganin riba. Waye a cikinmu ya taɓa tambayar ɗan majalisarsa turken sabis nawa asusun ya kafa a ƙaramar hukumarsa?

Inji irin akwatin dattijuwar nan ba zai yi Hausa ba sai an koya masa, kuma da muryoyinmu ake koya masa. Akwai shafin Common Voice na Mozilla, da Hausa a ciki, jimla kawai za ka karanta a ɗauki muryarka. Na fara, na kuma roƙi ƙanwata ta sa ƙawayenta na Islamiyya su yi. Ina roƙon Sakkwatawa da Katsinawa da mutanen Damagaram su shiga, kada a wayi gari injin Kananci kaɗai yake ji.