Brookfield DV2T: ta iya auna kauri, amma yauƙi ya fi ƙarfinta

Ga masu haɗa sabulun ruwa, shamfu, fenti ko man shafawa, wannan na'urar auna kaurin abu mai ruwa ta cancanci kuɗinta duk da tsadarta. Sandar ƙarfe take juyawa a cikin haɗin, ta auna yadda haɗin ke riƙe sandar, ta ba da lamba a ma'aunin kauri da ake kira cP (centipoise). Ruwa zalla kusan cP 1 ne a zafin digiri 20 na Celsius. Samfurin LV yana zuwa da sanduna 4 don abu mai ruwa-ruwa, RV kuma da 6 don mai kauri.

Tana son kulawa. A daidaita ta har kumfar saiti ta zauna tsakiya, a bar ta ta koma sifiri kafin a ɗaura sanda. Zaren sandar na hagu ne, wato akasin yadda aka saba murɗa noti ake ɗaura ta, kuma sai an ɗan ɗaga mahaɗin da ake ɗaura ta a kai sama yayin murɗawa, in ba haka ba tsinin da ke ciki ya lalace, awo ya karkace. A zuba haɗin a kofin gilashi mai cin mililita 600, a karkata sandar wajen tsomawa kada iska ta maƙale ƙarƙashin faifanta, a nutsar da ita daidai tsagar da ke jikinta.

Kuskurenta kashi 1 cikin 100 ne na iyakar awon da aka zaɓa. Don haka idan ƙarfin juyin da na'urar ke nunawa ya gaza kashi 10 cikin 100, lambar ba abin dogaro ba ce. A sa sanda mafi girma ko a ƙara gudu.

Lamba ɗaya ba ta isa ba. Yawancin haɗe-haɗen nan suna tsinkewa idan gudu ya ƙaru, saboda haka a auna a juyi 6 da juyi 60 a minti, a yi lissafin raba lambar farko da ta biyu. Fentin da sakamakonsa ya yi kusa da 1 yakan zuba daga bango. Kowane awo a rubuta lambar sanda, gudu, lokaci da zafi, domin haɗin da aka auna da sanyin safiya zai ba da wata lamba da la'asar.

Rauninta yana wajen abu mai yauƙi irin na miyar kuɓewa. Irinsa yakan hau sandar maimakon ya kauce mata, lambar ta riƙa rawa. Jan da yake yi ya koma mazauninsa ba ya fitowa a cP. Mai neman wannan sai ya kai samfurinsa ga riyomita, wata na'urar awo mai kaɗawa gaba da baya, wadda ke raba G′ (jan komawa mazauni) da G″ (halin kwarara).