"Un-" ko "in-": wanne ya dace a goshin kalmar Turanci?

Ɗalibai sun sha tambayata wane ɗafa-goshi ake sa wa kalmar Turanci don kore ma'anarta, "un-" ko "in-". Dukansu korewa suke yi, kakansu ma ɗaya, amma kowa da hanyar da ya biyo.

"Un-" ɗan gida ne, tun tsohon Turanci yana nan. "In-" kuwa na Latin ne, kalmominsa da yawa ta Faransanci suka shigo, musamman bayan Normandiyawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066.

Wajen sauƙi "un-" ya fi, ba ya sauya kama: unhappy, unknown. Shi "in-" yana rikiɗa gwargwadon harafin da ya biyo shi: impossible, illegal, irregular. Ga kuma tarko. Na taɓa jin ɗalibi ya karanta inflammable a jikin tankar mai, ya ce ai ba ta cin wuta, alhali saurin kamawa ake nufi. Wannan "in-" ɗin wani ne daban, kuma kuskuren ya tayar mini da hankali, don rai ake magana.

Mai hira da rubutun yau da kullum, "un-" zai fi yi masa aiki. Mai karatun lauya ko kimiyya kuwa, ya zauna ya haddace kalmomin "in-" ɗaya bayan ɗaya.