Tocilar UV da madubin ƙara girma wajen gane shekarun tsofaffin kwalaben magani

Na sayi wata 'yar tocila mai hasken UV (ultraviolet, hasken da ido ba ya gani) da ake haɗawa da madubin ƙara girma a kwali ɗaya, don duba tsofaffin kwalaben magani da nake tsinta wajen 'yan jari-bola. Yawancinsu na Ingila ne, waɗanda suka shigo tun zamanin Turawa. Mai sayarwa tocilar ya fi zuzutawa, madubin kamar gyara ne ya ɗora a kai, amma madubin ne ya fi yi mini aiki.

Aikin tocilar ɗaya ne tak. Daga wajajen 1880 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Farko, masu narka gilashi kan zuba sinadarin manganis don kashe kore-koren da ƙarfen cikin yashi ke jawowa, kwalba ta fito fara garai. In ka kashe wuta ka haska irin wannan kwalba, sai ka ga ta ɗauki wani kore mai sirkin ɗorawa, dishi-dishi. Tocilata mai lamba 365 ce, lambar da ke nuna nau'in hasken UV da take fitarwa, kuma tana nuna shi sosai. Mai lamba 395 ta fi araha, sai dai haskenta na shunayya kan danne na manganis, don haka a lura da lambar kafin a biya kuɗi.

Matsalar ita ce kwalaben da ke zuwa hannuna ba duka farare ba ne. Akwai masu kore-koren asali da ba a taɓa wanke launinsu ba, akwai ruwan ƙasa, akwai shuɗɗa. A kan waɗannan tocila ba ta cewa uffan. Ga shan batir, ga zafi in ta daɗe a kunne, kuma ba a haɗo da tabarau ba, alhali hasken ba na kallo da ido tsirara ba ne.

Da madubi kuwa, layin haɗin da mazubi ya bari a jikin kwalba nake bi. Idan ya hau kafaɗa ya ɓace a wuya, sannan ka ga siraran layuka sun zagaye bakin, da baki aka busa ta, da hannu aka gyara bakin. Idan ya haura har saman leɓe, aikin inji ne. Michael Owens na Amurka ya fito da injinsa na yin kwalba a 1903, kuma injin kan bar wani zagayen tabo mai gashi-gashi a gindi. Sai dai kada a yi saurin yanke hukunci da wannan shekarar, domin ƙananan masana'antun Ingila sun ci gaba da aikin hannu har cikin shekarun 1920. Tabo mai kaifi a tsakiyar gindi, inda aka ɓalle sandar da ta riƙe kwalbar tana da zafi, yawanci na kafin shekarun 1860 ne, kuma samun irinsa a nan sai an tona.

Haruffan gindi ma sai da madubi suke karantuwa in sun goge. UGB, alamar kamfanin kwalabe na Ingila United Glass Bottle Manufacturers, na nufin kwalbar ba ta riga 1913 ba, shekarar da aka kafa kamfanin. Alamar Owens-Illinois, kamfanin gilashi na Amurka, daga 1929 ta fara. Lambar rajista mai "Rd No" ta soma a 1884, amma shekarar da aka yi wa fasalin rajista take nunawa. Ita kwalbar tana iya zuwa shekaru bayan haka.

Wadda na fi so a cikin tarina wata shuɗiya ce ta guba, mai kusurwa shida, jikinta tsaga-tsaga don ko a duhu mutum ya laluba ya san ba ta sha ba ce. Tocila ba ta nuna komai a kanta ba. Madubi ya nuna layin ya mutu a wuya, ga ƙananan kumfa a cikin gilashin, bakin kuma na toshiya ne, ba na murfi mai murɗawa ba.

Mai tara fararen kwalabe zai mori tocilar. Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya sayi madubin, ya nemo tsohon buroshin haƙori don wanke ƙasar gindi kafin ya fara dubawa.