Famfon gazuwal na gurup: a kai tsohon gyara ko a sayi sabo?

Alhaji, barka da war haka, ya zafi? Na ga tambayarka tun daren jiya a kan gurup ɗinka, wato janareto, Perkins mai silinda uku, ko a kai famfonsa na gazuwal, mai tura man dizal cikin inji, gyara ko ka karɓi sabon da aka yi maka tayi a kwali. Kai shi gyara, ka bar na kwalin nan. Duka hanyoyin biyu na bi su da kuɗina, a kan inji irin naka sak, 1103 mai kVA 30, wanda nake haɗa ƙanƙara da shi a nan Garwa.

Sabo dai abu ɗaya zan yaba masa: yau ka biya, yau a ɗaura, kafin la'asar inji na aiki. In na asali ne daga hannun dillali a Duwala, da rasit da garanti, ba ni da ta cewa, sai dai kuɗinsa za ka ji shi a jikinka. Amma wanda ake yawo da shi a kan rabin kuɗi ko ƙasa da haka, shi na saya gab da azumin 2023, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Maris, lokacin da zafin Garwa ke wuce 40, ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ba ka da tabbas da wutar gari. Gaggawa ce ta kai ni. Sati biyu ya yi lafiya lau. A na uku, da zarar kwamfuresar injin ƙanƙara ta ɗauka sai ka ji injin ya durƙusa, can ya zabura, allurar mita tana lilo, fitilu na dishewa suna dawowa. Kwana uku ƙanƙara ba ta daskare ba. Mata da yaran da ke sari a wurina suna zuwa da kuloli gab da shan ruwa, suna komawa hannu rabbana. Wannan ya fi asarar kuɗin yi mini ciwo.

Dalilin shi ne gurup ba mota ba ce. Mota direba ne ke taka totur ya sassauta. Gurup kuwa dole ya tsaya a kan juyi 1500 a minti ɗaya, ko kaya ya hau ko ya sauka, don da haka ne wutar ke fita a kan Hz 50, saurin bugun wutar da na'urorinmu ke so. Mai riƙe wannan juyin shi ne gwamna, kuma a irin famfonmu a cikinsa yake zaune, 'yan ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa in juyi ya yi yawa, da sifirin da ke mayar da su. In sifirin ɗin ba na gurup ba ne, ko aikin bai yi kyau ba, famfon zai zauna daram a mazauninsa, kusoshi su shiga, bututai su haɗu, amma ba zai riƙe juyi ba. Daga waje famfon tarakta da na gurup kamar Hassan da Husaini suke.

Allah ya taimake ni ban rabu da tsohon ba. Mai sayarwar ya matsa mini in bar masa shi ya rage mini wani abu a kan kuɗin, na ƙi, ba don na san komai ba, kawai raina ne bai kwanta ba. Yana nan a cikin buhu a bayan shago. Shi na ɗauka na kai wa wani dattijo da wani direban babbar mota ya kwatanta mini.

Abin da na gani a wurin Baban nan shi ya canza mini tunani gaba ɗaya. Garejinsa a waje kamar kowane gareji, baƙin mai da tsofaffin ƙarafa. Amma akwai wani ɗan ɗaki a ciki da ba a shiga da takalmi, tagarsa a rufe ruf saboda ƙura. Kafin ya kwance ko kusa ɗaya sai da ya sa yaronsa ya wanke bayan famfon tas a waje. Sannan ya shimfiɗa faranti mai tsabta, ya zuba gazuwal da aka tace, duk abin da ya ciro sai ya jera shi bi da bi yadda ya fito. Na miƙa hannu zan ɗauki sandar da ke juyawa a cikin kan famfon, wanda masu gyara a nan ke kira tet, sai ya riƙe mini hannu a hankali ya ce, "Ɗana, gumin hannu ma tsatsa yake sa mata." Ko da tsumma ba ya goge ta. Ya tsoma ta a mai, ya ɗora a bakin ramin, ya sake ta, ta riƙa sauka da nauyin kanta sannu a hankali, ba ta faɗa ba, ba ta maƙale ba. Ya ɗaga kai ya ce tet ɗina da sauran rai, kada in bari kowa ya ce mini in canza.

Tazarar da ke tsakanin sandar nan da raminta ba ta wuce 'yan mikron ba, alhali kaurin gashin kai ɗaya kan kai mikron 70. Shi ya sa tun daga kamfani a haɗe suke zuwa, ba a ɗauko sandar wani a sa a ramin wani. Wannan ƙarfen da wannan aikin su ne kuɗin famfo, kuma su ne abin da na kwali ba shi da su. In naka na asali bai mutu a nan ba, to kana riƙe da abin da ya fi sabon daraja. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya lalace a nawa kaɗan ne: robar da ke tare mai a bakin sanda, wadda ta sa gazuwal ke tsiyaya cikin baƙin man inji har gejin ya riƙa hawa, da 'yan fukafukan da ke turo mai a bayan famfon, da wani ƙaramin bawul da ya ci. Ya sa sabbin robobi gaba ɗaya, ya haɗa. Sai ya ɗora shi a kan bencin gwaji, kuma nan ne bambancin mai gyaran gaske da mai kwance-ka-haɗa yake. Benci inji ne da ke juya famfo da lantarki a kan juyin da ake so, mai na fita ta bututai yana taruwa a cikin kwalabe dogaye masu geji. Ina tsaye a gefensa ya gwada a ƙaramin juyi irin na tayar da inji, ya gwada a juyin aiki, ya ɗan wuce sama ya ga inda gwamna ke yanke mai. Da farko kwalba ɗaya ta ɗan gaza sauran biyun. Ya sauke, ya koma ɗakin, ya dawo, sai da ukun suka yi kai ɗaya. Sannan ya ɗaure kusar mai da waya ya ɗiga mata fenti, ya ce in na ga fentin nan ya fashe to wani ya taɓa, kada in dawo masa da ƙara. Ya zuba mini tsofaffin kayan da ya cire a leda ba tare da na tambaya ba. Abin da na biya, har da gwajin nozul, wato 'yan bakin da ke fesa mai cikin silinda, bai kai abin da na zubar a kan na kwali ba. Azumi biyu na yi da shi bayan nan, bugu ɗaya yake tashi, kwamfuresa ta ɗauka ya ɗan gyara murya ya ci gaba.

Nozul ɗin kuwa ka kwance su ukun ka tafi da su tare. Nozul mai ɗiga kan sa baƙin hayaƙi da ƙwanƙwasa, a ɗora wa famfo laifin da ba nasa ba.

Gyara ba ya yi a wuri ɗaya ne kawai: in ruwa ya kwana a ciki har tet ta yi tsatsa ko ta kama, zoben da ke matsa 'yan fistin ɗin ciki ya farfashe, jikin famfon ma ya ci. A nan in an haɗa kuɗin kayan asali sai ya kusa kamo na sabo, sai ka daure ka nemi na asali. Alamar tet da ta gaji ita ce inji ya tashi da safe lafiya, amma in ya yi zafi aka kashe shi ya ƙi tashi sai ya huce. In haka naka ke yi, ka gaya wa mai gyaran tun farko don ya duba nan kafin ya yanka maka kuɗi.

Na okaziyon, wato na hannu, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa Beljiyam, sa'a ce kawai. In ka samu mai lamba ɗaya da naka, kada a ɗaura shi sai ya hau benci tukuna. Masu gurup ɗin Sin irin su Ricardo da ke cikin wannan zaure, ku maganarku daban ce: famfonku mai layi ne, kowace silinda da fulanjarta, wato ɗan fistin ɗin da ke turo mata mai, sabonsa daga can ƙasar ya fito kamar injin kansa kuma ba shi da tsada, don haka in ya lalace sosai ku saya kawai.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Ka tambayi kanka me ya sa mai sayar da sabo ke kwaɗayin tsohonka. Wanke shi za a yi, a fesa masa fenti, a sa a leda da kwali mai tambari, a sayar wa wani a matsayin sabo. Kwali da sitika ana buga su kamar katin biki, kada su ruɗe ka. Duba ɗan farantin ƙarfen da ke jikin famfon: lambar da ke kai ta zama ɗaya da ta naka harafi da harafi, ba "ai duk ɗaya ne, zai shiga" ba. In ka ga kusoshin farantin sabbi ne fil a kan tsohon jiki, ko fenti ya hau kan datti a lungunan da burushi bai kai ba, ko kan kusoshi ya cinye da sifana, ajiye masa kayansa. Wanda ya ce ba za a kai famfonsa benci a gwada kafin ka biya ba, ya riga ya ba ka amsa.

A ɓangaren masu gyara ma akwai marasa tsoron Allah. Wasu kan musanya tet ɗinka mai kyau da gajiyayya, ka biya kuɗin aiki kuma a ci ka. Saboda haka ka ɗauki hoton lambar, ka yi wa jikin famfon da tet ɗin 'yar shaida da ƙusa a wurin da kai kaɗai ka sani, in da hali ka tsaya a buɗe a gabanka, kuma ka ce a ba ka duk abin da aka cire. Wasu kuma ba su da benci sam. Sai su murɗa kusar mai su ƙara, inji ya yi ƙara kamar ya samu ƙarfi, ka tafi kana murna, alhali mai ne yake sha fiye da kima, yana baƙin hayaƙi, yana zafi, yana cinye fistin da zobba. Tambaya ta farko da za ka yi a ƙofar gareji ita ce a nuna maka bencin, ka gan shi yana aiki.

Kafin ma a kwance, ka sa makanikenka ya tabbatar famfon ne. Na sha ganin an cire famfo lafiyayye alhali filta ce ta toshe, ko ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki ne ya gaji, ko iska ke shiga ta tsagaggen tiyo, ko ɗan solonayid ɗin da ke buɗe mai in an murɗa makulli ne ba ya samun wuta. Waɗannan duka aikin awa ɗaya ne. In an tabbatar famfon ne, to a kawo fistin na ɗaya can sama, a yi shaida a giya, in famfonka na da kusar kulle sanda a kulle ta kafin a zare shi. In aka yi sakaci a nan taimin, wato lokacin da famfo ke ba kowace silinda mai, ya tafi, kuma famfon da ya fito daga benci lafiya sai ya ba ka wahala. A toshe bakin bututai da leda mai tsabta nan take, kada a bar su buɗe a ƙurar nan tamu ko na minti biyar.

Sai maganar mai, don in ba ka gyara ta ba, nan da wata shida za ka sake tambayar nan. Famfo mai layi da baƙin man inji ake shafa ƙasansa. Namu mai juyawa ba shi da wani abin shafawa sai gazuwal ɗin da ke ratsa shi. In an sirka gazuwal da kananzir santsinsa ya ragu, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. In da ruwa a ciki, tsatsa. Ban ce duk mai sayar da zuwa-zuwa a bakin hanya, wato man jarka da ake shigowa da shi ta kan iyaka, mugu ba ne, da yawa neman halak ɗinsu suke yi, amma jarkar da ta sha hanya daga kan iyaka ba ka san me ta ɗauka jiya ba. Ni yanzu a gidan mai nake saye, in zuba a duro in bar shi ya kwana biyu ya kwanta, in ɗiba daga sama, ba na taɓa na ƙasan. Na kuma ƙara filta mai kofin gilashi kafin ta injin, kowace safiya yaro na duba ƙasan kofin ya zubar da ruwan da ya taru. A wanke tankinka kafin a mayar da famfon, a sa sabuwar filta, a fitar da iska sosai sannan a buga.

In ka shirya, yi mini magana ta gefe in kwatanta maka garejin Baban. Ka tafi da famfon da nozul uku da hoton lambar injin, kuma ka je da safe, don ba ya buɗe famfo in iska ta taso da ƙura.