Sharhi: PubMed, Hinari da AJOL wajen neman maƙalu kan cutar tsargiya

Na gwada waɗannan rumbunan maƙalun bincike uku na intanet da tambaya guda: yaya yawan tsargiya yake tsakanin 'yan makaranta a arewacin Najeriya da kudancin Nijar? A ganina PubMed ya fi su iya zaƙulo maƙala, Hinari ke buɗe wadda aka kulle da kuɗi, AJOL (African Journals Online) kuwa shi ke riƙe da rubutun gida da PubMed bai san da shi ba.

PubMed na Babban Laburaren Likitanci na Amurka ne, kyauta ga kowa tun 1997, kuma abin da ke cikinsa ya haura miliyan 35. Galibi take da taƙaitaccen bayani yake bayarwa. Ƙarfinsa yana cikin MeSH, wato jerin sunayen da ake liƙa wa kowace maƙala gwargwadon batunta. Tsargiyar fitsari sunanta a jerin Schistosomiasis haematobia, sai dai marubuta na kiranta bilharzia, bilharziasis ko urogenital schistosomiasis. A shiga sashen Advanced, a nemi sunayen cutar a layi ɗaya ana raba su da OR, a nemi wurin a layi na biyu, sannan a haɗa su da lambobin layukan, wato #1 AND #2. Dole OR da AND su zo da manyan baƙaƙe. Kada a dogara da MeSH shi kaɗai, don akwai maƙalu da yawa da ba a liƙa musu komai ba. A ƙara kalmomin da alamar [tiab] a bayansu, injin zai duba take da taƙaitaccen bayani.

Inda gizo ke saƙa shi ne sunayen wuraren namu. Wanda ya rubuta Niger haka kawai zai ga Aspergillus niger ta cika masa shafi, wata baƙar funfuna ce da aka yi dubban bincike a kanta, ga kuma Neja Delta da Jihar Neja sun biyo baya. Maganinsa Niger[Mesh], wanda ke nufin ƙasar kaɗai. Kano ma haka take. Suna ne na dangi a Japan, saboda haka rubuta shi tsura zai kawo maƙalun likitocin Tokyo da ba su taɓa jin labarin Dam ɗin Tiga ba. A rubuta Kano[tiab], ko Kano[ad] idan adireshin marubuci ake so. Tauraro a ƙarshen kalma yana kamo duk rassanta, kamar schistosom*, amma yana hana injin haɗa kalmar da MeSH da kansa.

Akwai matattarar Free full text, kuma a wannan fanni tana da amfani, tunda PLOS Neglected Tropical Diseases da Malaria Journal a buɗe suke. Duk da haka ban yarda a danna ta tun farko ba: tana ɓoye tsofaffin binciken Transactions of the Royal Society of Tropical Medicine and Hygiene, waɗanda ake bukata don kwatanta jiya da yau.

A nan Hinari ke shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shi a 2002, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun kimiyya, wanda ya kasa su rukuni biyu, A da B. Cibiya ke yin rajista, mutum ɗaya ba ya yi, don haka suna da kalmar sirri suna hannun ma'aikacin laburaren jami'a ko asibitin koyarwa. Ƙasashen rukunin A, irin su Nijar da Chadi, ba sa biya, na rukunin B kuma dala 1,500 ce a shekara ga kowace cibiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuwa shafin mujalla kai tsaye daga Google, sai a ga an nemi kuɗi. Sai an fara shiga ta ƙofar Research4Life, daga can a bi zuwa mujallar. Ko an bi ƙa'ida wata mujallar ba za ta buɗe ba, don kamfanonin ɗab'i na da damar cire wasu ƙasashe daga jerinsu. Wannan ne babban aibinsa. Haka nan ba a yarda a sauke fiye da kashi 15 cikin ɗari na fitowa guda ba, kuma raba kalmar sirri a WhatsApp na iya jawo a rufe wa cibiyar baki ɗaya.

AJOL, wanda ake gudanarwa daga Afirka ta Kudu, ya tara ɗaruruwan mujallun nahiyar, kaso mai tsoka na Najeriya ne. Injin nemansa rago ne, doguwar jimla ba ta yi masa, kalma biyu ko uku sun isa. Ingancin mujallun ma hawa-hawa ne, sai an duba yara nawa aka gwada da yadda aka gwada fitsarin, tacewa aka yi ko tsinken gano jini aka tsoma.

Ɓangaren Nijar kuwa Turanci kaɗai ba zai kai ba. Aikin cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai kan tsargiya da sanƙarau, wani sashensa da Faransanci ya fito a Médecine Tropicale da Bulletin de la Société de pathologie exotique. PubMed na sa taken irin waɗannan da Turanci, don haka a bar matattarar harshe a buɗe, a kuma nemi bilharziose urinaire a African Index Medicus, rumbun maƙalun lafiya na Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya.