Kafin ka sayi littafi ko kwas na auna hujja don jarrabawar GMAT

Mai neman gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, yakan fara shirin GMAT, jarrabawar neman shiga, da fargabar lissafi. Sai ya zauna gwajin farko ya tarar ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke kayar da shi wasu gajerun sakin layi ne, jimla uku ko huɗu, da tambaya ɗaya a ƙasa: wanne daga cikin amsoshi biyar ne ya fi raunana wannan hujja? Ya fahimci kowace kalma, amma amsoshi biyu sun yi masa daidai, kuma wadda ya zaɓa ita ce ba daidai ba. Daga nan ne ake fara kashe kuɗi da gaggawa, kuma nan ne nake so a ɗan dakata.

Da farko a san jarrabawar da ake saye dominta, don ta sauya. Hukumar GMAC, mai GMAT, ta fito da sabon tsari a ƙarshen 2023, tsohon kuma ya kau a farkon 2024. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, sashen harshe mai 23, da sashen nazarin bayanai mai 20. Maki daga 205 ne zuwa 805, kuma sassan uku nauyinsu ɗaya. An cire rubutun insha'i, an cire tambayoyin gyaran jimla. Sashen harshe ya rage da abu biyu kacal, fahimtar dogon rubutu da auna hujja. Ka raba minti 45 gida 23, za ka ga kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba.

Ga irin abin da ake nufi. Wani kamfanin sufuri ya sa wa motocinsa na'urar taƙaita gudu, a shekarar kuma haɗura suka ragu, sai manaja ya ce na'urar ce ta kawo sauƙin. Akwai dalili, akwai matsaya, a tsakaninsu kuma akwai wani zato da bai furta ba: cewa babu wani abin da ya sauya a shekarar. In aka tambayi abin da ya fi raunana hujjar, amsar da ta ce kamfanin ya rage yawan tafiye-tafiyensa da rabi ta sare ƙafar hujjar. Wadda ta ce na'urar tana da tsada gaskiya ce ƙila, tana kuma kama da suka, amma ba ta taɓa maganar manaja ba ko kaɗan. Duk abin da za ka saya, ma'auninsa ke nan a wurina: zai koya maka dalilin da ya sa amsa ta biyu ta faɗi, ko kuwa zai nuna maka ta farko kawai ya wuce?

Kafin ka fitar da ko sisi, yi gwajin kyauta. GMAC tana ba da cikakkun gwaje-gwaje biyu a shafinta na mba.com ba tare da biya ba. Yi ɗaya da agogo, sannan ka koma kan tambayoyin hujja da ka faɗi, ka sake su ba agogo. In ka ci su a karo na biyu, matsalarka lokaci ce. In wata kalma ko murɗaɗɗiyar jimla ce ta ɓatar da kai, matsalarka Turanci ce, kuma babu kwas ɗin dabara da zai maye gurbin yawan karanta rubutu mai nauyi. In kuwa ka fahimci komai, ka ɗauki lokacinka, ka sake faɗuwa, to hanyar tunanin ce ba ta zauna ba. Ciwo uku ne daban-daban, kuma masu talla magani ɗaya suke miƙa wa kowa.

Littafin hukuma, Official Guide, shi ne abin da ba na jayayya a kansa. Tambayoyinsa na ainihi ne, waɗanda aka taɓa yi a jarrabawa aka ajiye. Wannan ya fi muhimmanci a auna hujja fiye da a lissafi. Tambayar lissafi kowane ƙwararren malami zai iya ƙirƙirar makamanciyarta, don amsa lamba ce. Tambayar hujja kuwa sai an tace ta har ya zama amsa ɗaya ce tak za a iya karewa, sauran huɗun kuma kowacce da takamaiman aibinta. Tambayoyin kwaikwayo sau da yawa suna da amsa biyu masu kama hankali, ko kuma tarkon da ya fito fili da yawa. Wanda ya saba da su kunnensa yakan lalace, ya riƙa jin daidai a inda babu. Raunin littafin hukuma shi ne ba malami ba ne. Bayanansa gajeru ne, sukan ce amsa kaza ba ta da alaƙa da batun su yi shiru. Sannan a kula da na hannu: yana zuwa da lambar shiga rumbun tambayoyi na intanet, wadda mai shi na farko ya riga ya yi amfani da ita ƙila. Tsohon bugu ba shara ba ne, don tambayoyin hujja ba su sauya kama ba, sai dai babin gyaran jimla ya tashi aiki.

Littattafan koyar da hanya, irin na PowerScore da Manhattan Prep, su ke cike wannan giɓi. Suna rarraba tambayoyin gida-gida: gano zaton ɓoye, ƙarfafawa, raunanawa, fitar da abin da dole ya zama gaskiya, warware saɓani, da tantance aikin jimlolin da aka kaurara rubutunsu a cikin hujjar. Suna koyar da dabaru masu amfani, kamar juya amsa zuwa kishiyarta a ga ko hujjar za ta rushe, in ta rushe to zaton ke nan. Ga mai iya zama shi kaɗai da littafi da biro, wannan ne mafi araha kuma ya isa. Abin tsoro shi ne yawan sunaye da rabe-rabe. Na fi son mutum ya iya nuna matsayar kowace hujja cikin daƙiƙa goma da ya haddace sunan nau'i goma sha biyu.

Kwasa-kwasan intanet, kamar Target Test Prep, Magoosh da e-GMAT, tsari suke sayarwa: yau ka yi kaza, gobe kaza, ga jadawalin inda kake rauni. Ga ma'aikacin da sai dare yake samun awa ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma yawanci na wa'adi ne, ana biya wata-wata ko na wasu watanni, don haka kada ka yi rajista sai ka tsayar da lokacin jarrabawa. Yi amfani da damar gwaji in suna bayarwa, kuma kada ka tsaya a bidiyon gabatarwa. Buɗe tambaya mai wuya ka karanta bayanin amsoshin da ba daidai ba. In huɗun duka an sallame su da kalma ɗaya, rufe shafin. Alƙawarin ƙarin maki kuma a karanta sharuɗɗansa kafin a dogara da shi.

Malami na kai da kai shi ne mafi tsada, kuma sai a ƙarshe yake da amfani, bayan makinka ya tsaya wuri ɗaya ka kasa gane dalili. Nagari zai sa ka yi tunani da baki, ya saurara har ya ji inda ka zame.

Wanda ya cinye tambayoyin hukuma yana neman ƙari, ya leƙa tsofaffin tambayoyin LSAT, jarrabawar shiga makarantun lauya a Amurka da Kanada. Su ma na ainihi ne, an tace su, kuma auna hujja shi ne kaso mafi girma a cikinta. Sun fi karkata ga tsantsar mandiƙi, don haka a ɗauki na zato da ƙarfafawa da raunanawa, a bar saura. Masu tunanin gudu zuwa GRE kuma, wata jarrabawar neman shiga digiri na biyu wadda makarantun kasuwanci da yawa ke karɓa, su sani tambayoyin hujja a can kaɗan ne, amma za su biya da haddar kalmomin Turanci masu wuya.

Da ni ne, gwajin kyauta zan fara yi, in bi da littafin hanya guda ɗaya, sannan littafin hukuma. Ba zan taɓa tambayoyinsa masu wuya ba sai hanyar ta zauna, domin tambayar hujja sau ɗaya ake cin moriyarta, da ka san amsar ta daina gwada ka. Gwajin kyauta na biyu kuma in ɓoye shi sai saura mako biyu ko uku jarrabawa.